Allon Da Ya Fi Shago Girma

Ƙusa ake ce masa, har ta kai idan aka kira shi da sunansa na gaskiya sai ya ɗan yi jim kafin ya waiwaya. Laƙabin daga wurin aiki ya samo shi. Yakan cika bakinsa da ƙananan ƙusoshi, yana zaro su ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, kuma a haka yake ciniki, a haka yake faɗa. Mai askin da ke layinsu yakan ce bai san wadda ta fi tsini ba, wadda take fita daga bakin zuwa katako ko wadda take fita zuwa kunnen mutane.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fuskarsa kullum a ɗaure kamar an aiko masa da mummunan labari. Aikinsa kujerun kushin: ya haɗa sabuwa, ko ya farke tsohuwa ya sake mata soso da yadi. Tun yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga shagon ubangidansa, ya fara da shara da cire tsofaffin ƙusoshi, ya yi shekara ashirin da shida a wurin bai taɓa yi wa wani aiki ba. Idan aka kawo kujera, zama kawai yake yi a kanta ya ɗan motsa, ya gaya wa mai ita abin da ya karye a ciki da kuma wanda ya karya, yara ne masu tsalle ko maigida ne mai ƙiba. Mutane ba sa son halinsa, amma suna son aikinsa, don kujerarsa takan yi shekara goma ba ta lotsa ba.

Ubangidan ya sha faɗa a gaban jama'a cewa bayan ransa Ƙusa ne zai riƙe shagon. Sai dai bai rubuta ko'ina ba. Da ya rasu, ɗansa ya dawo daga inda yake karatun kasuwanci, da tabarau a fuska da kwamfuta a hammata, ya zauna a teburin uban. Wannan yaro Ƙusa ya sha ɗora shi a kafaɗa ya tsallakar da shi titi. Yanzu ga shi yana tambayarsa ƙarfe nawa ya zo aiki. Tun daga ranar Ƙusa bai ƙara kiran sunansa ba, sai dai Mai Tabarau, kuma duk layin suka ɗauka.

Wata bakwai suka yi suna yi wa juna kallon hadarin kaji. Abin da ya fasa ƙurjin soso ne. Mai Tabarau ya sayo soso mara nauyi mai arha, ya ce a riƙa sa shi a ciki a lulluɓe da yadi mai sheƙi, ai ba wanda zai farka kujera ya duba. Ƙusa ya ɗauki falle ɗaya ya matse shi a tafin hannu, ya ce wannan ko kaza ba za ta kwanta a kai ba. A gaban wani mai sayayya aka yi.

"Malam, nan shago ne, ba gidan tarihi ba," in ji Mai Tabarau. "In ba za ka iya aikin zamani ba, ƙofa a buɗe take."

Ƙusa ya tofar da ƙusoshin bakinsa a kan teburin, ya ɗauki gudumarsa da almakashinsa, ya fita. Bayan sati biyu aka aiko masa da 'yan kuɗin sallama a ambulan, ko gaisuwa babu.

Matarsa ce ta fara nemo masa wuri. Ita mace ce mai neman na kanta, tana da firiza a tsakar gida tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, kuma ta san kowa a unguwa. Ta samo shago kusa da gida, mai faɗi, mai arha, ga wurin ajiye mota. Ƙusa ya je ya leƙa sau ɗaya ya ce bai yi masa ba. Wanda ya yi masa wani ƙuntataccen ɗaki ne da mai gyaran rediyo ya tashi daga ciki, rufinsa yana yoyo, hayarsa ta fi ta wancan tsada. Abin da ya gani a jikinsa ɗaya ne: yana daidai gaban tsohon shagon, titi kawai ya raba su. Matar ta ce masa wannan ba neman abinci ba ne, neman magana ne. Ya ce in ma neman magana ne ba da bakinta zai yi ba.

Watanni huɗun farko sun yi kyau, har ya ba kowa mamaki. Tsofaffin masu kawo aiki sukan tsaya a tsakiyar titi su dubi hagu su dubi dama, su hango shi durƙushe a kan kujera, su tsallako. Bai da allo, sai sunan sana'ar da ya rubuta da fenti a jikin ƙofa, harafin ƙarshe ma ya karkace. Aikin ya ishe shi, ba ya yi masa yawa. Da rana yakan rufe ya je gida ya ci abinci, ya ɗan miƙe. Yana da hawan jini tun shekara biyar baya, yana shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, duk wata kuma ya je asibiti a auna shi. Babbar 'yarsa, wadda take aiki a kantin magani, ita take kula da wannan, kuma a lokacin ba ta da ƙorafi.

Wata safiya ya zo buɗe shago ya tarar an kafa allo a saman shagon da ke gabansa, ja da fari, an rubuta da manyan baƙaƙe: MU NE NA ASALI, A YI HATTARA DA 'YAN KWAIKWAYO. An ɗan karkato da shi yadda duk wanda ya tsaya a ƙofar Ƙusa sai ya karanta. Ya tsaya da makulli a hannu ya karanta sau uku. Shi da ya koya wa rabin ma'aikatan shagon riƙe guduma, yau shi ne ɗan kwaikwayo. Yinin ranar ya bugi yatsansa sau biyu, abin da rabonsa da yi tun yana yaro.

Kwana biyu bayan nan wani mutum ya shigo, tsaf-tsaf da shi, da baƙar jaka a rataye da ƙamshin turare. Ya ce shi aikinsa talla: alluna, takardu, rediyo, waya, duk abin da ake so. Ya zagaya ɗakin yana shafa kujeru yana girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin hannu irin wannan ba, abin takaici ne a ce ba wanda ya sani. Sannan ya leƙa waje ya dubi jan allon, ya yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, ni da aka yi mini wannan, ba zan iya cin abinci ba sai na rama."

Bai buƙaci ƙara komai ba. Cikin sati ɗaya aka kawo allon Ƙusa a bayan mota, mutum huɗu suka ɗaga shi. Ya fi gaban shagon faɗi, har ya shiga saman shagon mai aski da kamu biyu, aka yi ta rigima sai da Ƙusa ya yarda zai gyara masa kujerar aski kyauta. An rubuta: HANNUN DA YA YI MUKU AIKI SHEKARA ASHIRIN DA SHIDA YANA NAN, da kibiya tana nuna ƙasa. Ribar watannin nan huɗu gaba ɗaya ta tafi a kansa. Ƙusa ya fito da benci ya zauna a ƙarƙashinsa har yamma, yana kallon tsallaken titi. Rabonsa da jin daɗi irin na ranar tun kafin ubangidansa ya rasu.

Daɗin bai kai sati biyu ba. Mai Tabarau ya sa wa nasa allon fitilu masu walƙiya. Ƙusa ya buga takardun talla dubu biyar, aka raba a tasha da bakin kasuwa, washegari ya ga masu sayar da gyaɗa suna ƙunshi da su. Mai Tabarau ya ɗaura lasifika a ƙofa tana ta maimaita farashi daga safe har yamma. Ƙusa ya shiga rediyo. Duk lokacin da aka yi wani sabon abu a tsallake, kafin rana ta faɗi mutumin tallan nan, Mai Jaka, ya iso da maganinsa a cikin jaka, kuma kullum maganin ya fi na baya tsada.

Har bidiyo aka yi masa. Mai Jaka ya zo da masu ɗaukar hoto biyu, suka sa masa kwat ta aro wadda ta matse shi a hammata, suka zaunar da shi a kujera suka ce ya yi murmushi ya ce a zo a ga zahiri. Sau goma sha huɗu ana sakewa, murmushin bai fito ba. Aka sa shi a waya a haka, aka karɓi wasu kuɗin wai don a tura shi gaban mutane. Mai Jaka ya zo yana nuna masa dubban da suka kalla. Abin da bai nuna masa ba shi ne abin da suke rubutawa a ƙasa. Mai aski ne ya karanta masa, yana dariya har da hawaye: wani ya ce wannan mutumin kujera yake sayarwa ko sammaci ya kawo, wani ya tambaya ko kwat ɗin ma ta sayarwa ce. Daga ranar suka daina gaisawa da mai aski.

Waya kuwa ta yi ta ruri. Cikin mutum ashirin da za su kira, goma sha tara farashi kawai suke tambaya su kashe. Yana tsaka da jan yadi sai ya saki ya ɗauka, ya dawo yadin ya saki, ya sake daga farko. Aikin da yake gamawa a kwana biyu ya koma kwana biyar. Ya daina zuwa gida da rana, don kada wani ya biyo talla ya tarar da ƙofa a rufe ya tsallaka titi. Burodi da lemon kwalba suka zama abincinsa, a tsaye. Ya daina zuwa asibiti, ya ce layin yana cinye masa rabin yini. Da kuɗi suka fara ƙaranci sai ya dubi ƙwayar jinin ya ga ai tana da tsaga a tsakiya, ya fara raba ta biyu. Daga baya ya koma sha yau, gobe ya huta. Ciwon kai ya zauna masa a ƙeya, barci ya yi masa ƙaura, fushinsa ya ninku har ƙananan 'ya'yansa suna jin tarinsa a ƙofa suke shigewa ɗaki.

'Yar ce ta gano. Tana wanke masa riga ta ci karo da katin maganin a aljihu, na wata ɗaya, ga shi an shiga wata na uku bai ƙare ba. Ta aro na'urar awon jini daga wurin aikinta ta same shi da safe yana sa takalmi.

"Baba, ba ni hannunka minti ɗaya."

"Wa ya ba ki izinin laluben aljihuna?"

"Wanki nake yi. Baba, wannan maganin ba a wasa da shi. Kullum ina ganin waɗanda ake kawowa a ɗauke saboda shi."

"To je ki ci gaba da ganinsu. Ni ban kai lokacin da 'yar da na haifa za ta ɗaure mini hannu ba."

Da yamma ta sayo masa sabon kati da kuɗinta ta ajiye kusa da abincinsa. Ya ɗauka ya ɗora a kan taga, ya ce shi ba a ciyar da shi. Katin ya zauna a wurin rana tana dukansa, ita ma ta yi zuciya ba ta ƙara magana ba. Suka koma gaisuwa kawai, ita ma a daƙile.

Abin da ya fi muni ya faru ne lokacin da matarsa ta tafi jinyar ƙanwarta kwana uku. Lokacin biyan rediyo ya zo, Mai Jaka ya ce in aka tsallake sati ɗaya duk abin da aka kashe a baya ya bi ruwa. Ƙusa ya kira mai sayen tsofaffin kaya aka ɗauke firizar. Matar ta dawo ta tarar da wurin fayau, sai shatin ƙafafunta huɗu a kan siminti. Ba ta cire mayafi ba, ta wuce shagon kai tsaye.

"Malam, ina firizata?"

"Na ara. Wata biyu zan saya miki wadda ta fi ta."

"Aro? Wa ka tambaya? Shekara huɗu ina tara kuɗinta. Da ita nake cefane tun ranar da ka kafa wannan allon. Ka sayar da abincin 'ya'yanka don wani ya faɗi sunanka tsakanin tallan maganin basir da na sabulu."

Ya ce ta rage murya ana jinta a tsallake. Ta ce ai dama don tsallake yake rayuwa, bari su ji da kyau. Ta fito bakin ƙofa ta ƙare masa tas, mutane suka taru, lasifikar Mai Tabarau ma aka rage mata ƙara don a ji. Daga ranar ta kwashe kayanta ta koma ɗakin yara. Takan dafa abinci ta rufe ta ajiye masa a ƙofa kamar na baƙo. In akwai saƙo, sai ta faɗa wa bango a gabansa.

Ana cikin haka talla ta kawo babban aiki, karo na farko kuma na ƙarshe. Wata mata mai ɗakin taro ta ji a rediyo ana cewa akwai rangwamen kashi ɗaya cikin uku, maganar da Mai Jaka ya ƙara ba tare da ya tambayi kowa ba. Ta zo tana son kujeru talatin cikin sati shida. Ƙusa ya san a wannan farashi da ƙyar zai fita, amma ya hango Mai Tabarau tsaye a ƙofarsa yana kallon motar matar, ya ce ya yarda. Ta ba shi rabin kuɗin don sayen kaya.

Kuɗin ba su kwana biyu a hannunsa ba Mai Jaka ya iso da gaggawa. Ya ce an sami fili a rediyo daidai bayan labarai, lokacin da kowa yake saurare, kuma wani na kusa ya riga ya tambaya, zuwa gobe da rana za a ba shi. Bai faɗi ko wane ne ba, haɓarsa kawai ya ɗaga wajen titi. Ƙusa ya buɗe aljihun tebur ya ƙirgo masa daga kuɗin matar.

Abin da ya rage ya isa katako da yadi, bai isa soso mai nauyi ba. Ya yi kwana biyu yana juya abin. Rana ta uku ya hau mota ya tafi can ƙarshen gari inda ba a san shi ba, ya sayo soso mara nauyi, irin wanda ya matse a tafin hannu ranar da ya bar aiki. Ya sa aka naɗe shi da buhu kafin a sauke. Ya rufe ƙofa rabi yana aiki. Kafintan da yake ɗauka a kan yini ya dubi soson ya dubi fuskarsa, Ƙusa ya ce in ya furta kalma ɗaya ya bar masa shago. Aka gama kujerun a kan lokaci, suna ta sheƙi. Matar ta yaba, ta cika kuɗi, kuɗin kuma suka bi hanyar 'yan uwansu.

Sati bakwai bayan nan, da la'asar, wata babbar mota ta tsaya a tsakiyar layin. Aka fara sauke kujeru ana jerawa a bakin titi, kowace ta lotsa a tsakiya kamar kwano. Mai ɗakin taron ta fito daga gaban motar da wuƙar kicin a hannu. Ba ta yi masa sallama ba. Ta tsaga kujera ɗaya daga sama har ƙasa, ta zaro soson da ya koma kamar tsumma, ta ɗaga shi sama ta juya kowa ya gani. Ta ce taro huɗu kawai aka yi a kansu. Ta nuna allon ta karanta shi da ƙarfi, ta ce in wannan ne hannun shekara ashirin da shida to gara a yanke shi. Ta kira shi macuci, ta kira shi ɓarawo mai guduma.

Ƙusa ya dubi soson da ke hannunta. Ya ɗaga kai ya dubi tsallake. Mai Tabarau yana tsaye ya ɗaga waya yana ɗauka. A bayansa kuma, daga cikin shagon, wani ya leƙo da kofin shayi a hannu da baƙar jaka a kafaɗa. Suna haɗa ido ya yi sauri ya koma ciki.

A nan ne Ƙusa ya gane wanda ya yi jan allon, da fitilun, da lasifikar. Ya sunkuya ya ɗauki guduma ya nufi titi. Ya yi taku huɗu, a na biyar ƙafarsa ta hagu ta ƙi bin sa. Gudumar ta faɗi, ya ga kujerun sun zama biyu-biyu, ya buɗe baki zai yi zagi sai ya ji harshen ya yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Mai askin da ba sa gaisawa shi ya tare shi kafin kansa ya bugi kwalta, kuma a motar da ta kawo kujerun aka kai shi asibiti, matar tana gaba tana ci gaba da masifa.

Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma da sauƙi tunda an kawo shi da wuri. Da ta ji yadda yake shan maganin, ta dube shi ta saman takardarta ta ce ta ga masu kashe kansu iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya biya gidan rediyo don a taya shi ba. Ya yi kwana goma sha ɗaya a gado. Matarsa ce ta yi jinyarsa, tana juya shi, tana goge masa baki, tana ba shi abinci da cokali, ba ta fasa ko sau ɗaya ba, kuma ba ta sakar masa fuska ko sau ɗaya ba. Wata rana ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya yana son ya ce wani abu. Ta zare, ta ce ya adana ƙarfinsa, ba don shi take yi ba, don kada 'ya'yanta su zama marayu ne.

A rana ta takwas Mai Tabarau ya zo da ledar lemo. Ya rame shi ma, tabaran sun yi masa yawa a fuska. Ya zauna a bakin gado ya ce ya sallami ma'aikata uku, Mai Jaka ya kwashe shi kamar yadda ya kwashe kowa, kuma wayar mutumin ba ta shiga yanzu. Ya ce bai sa bidiyon ranar a ko'ina ba. Sannan ya zo ga abin da ya kawo shi: Ƙusa ya dawo tsohon shago, ba sai ya riƙe guduma ba, ya zauna kawai yana duba aiki. Za a sa hotonsa a allo a rubuta cewa gwani ya dawo gida.

Ƙusa ya daɗe yana tattaro harshensa. Maganar ta fito a karkace, amma duk ɗakin an ji.

"Ko gawata ba za ka yi talla da ita ba. Ɗauki lemonka."

Mai Tabarau ya miƙe, ya ce dama ubansa ya sha faɗa cewa taurin kai ne zai kashe shi. Ya fita, ya ɗauki lemon kuwa.

Kafin a sallamo shi 'yar ta gama yanke hukunci, ba ta nemi shawararsa ba. Ta mayar wa mai shagon haya makullinsa, ta sa aka sauke allon aka sayar wa masu tsohon ƙarfe, ta je gidan rediyo ta tsayar da sauran tallan. Ta kwaso keken ɗinki da kayan aiki ta zuba a rumfar ƙofar gida, ta jera kujeru talatin ɗin a tsakar gida an rufe su da leda. Wayar shago ta koma jakarta. Da ya dawo ya ga haka ya yi ta faɗa, ya ce an yi masa juyin mulki yana kwance. Ta ce haka ne, kuma in yana son mulkinsa ya fara da ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa.

Yanzu shekara biyu ke nan. Hannun ya dawo rabi, yana iya danne yadi amma ba ya iya ja, don haka yake kama gefe ɗaya da abin matsewa ya ja da dama. Kujerar da yake gamawa a yini biyu yanzu sati take ci. Kujerun mai ɗakin taro ya sake su duka da soso mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya, wata goma sha huɗu yana yi. Ta aiko aka kwashe, ba ta ce an gode ba, kuma har yau tana ba da labarinsa a duk inda aka yi maganar macuta. Matarsa ta sayi wata firiza ta hannu, ƙarama, da taimakon ƙanwarta, ta sa mata kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Ta dawo ɗaki, amma in gardama ta tashi ko a kan gishiri ce, sai ta kai ga tsohuwar firizar. Kowace safiya 'yar takan tsaya a kansa har sai ya haɗiye ƙwayar, ta ce ya buɗe baki ta gani, shi kuma ya yi ta tsine wa zamanin da 'ya'ya suke duba bakin iyayensu.

Aiki yana zuwa kaɗan-kaɗan, daidai ƙarfinsa. 'Yar ta buga masa ƙananan katuna masu lambar waya, akan maƙala ɗaya a ƙarƙashin kowace kujera da ta fita, kuma ta ce iyakar tallan ke nan har sai an ga hali. Duk wanda ya kawo aiki takan tambaye shi a ina ya ji labari, yawanci su ce a gidan wani suka zauna suka ji daɗin kujerar. In ta faɗa masa haka sai ya yi tsaki ya ce wannan ba hujja ba ce.

Kwanakin baya mai aski ya kawo masa ziyara, ya ba shi labarin cewa Mai Tabarau ya raba tsohon shagon biyu, ya ba mai sayar da taya hayar rabi. Ƙusa ya ajiye almakashi, ya sa aka maimaita masa labarin tun daga farko, ya tambayi wane rabin aka bayar, na gaba ko na baya. Da aka ce na gaba, ya jinjina kai ya ce ai ya sani, yaron ya riga ya fara tangaɗi tun lokacin. Da an bar shi ya ƙara wata biyu a rediyo, da yanzu shagon gaba ɗaya taya ake sayarwa a ciki.

Matarsa tana daga tsakar gida tana ƙulla ƙanƙara ta ce da an bar shi ya ƙara wata biyu, da yanzu sanarwar rasuwarsa ce a rediyon, kuma ita ba za ta biya ba. Ya ce ba da ita yake magana ba. Ta ce ita ma da mai aski take.